Shekarar da Goro Ya Shiga Kantin Magani

Ina aikin tafinta a wani ƙaramin asibiti a Jarwal, irin wanda mutanen Makka ke kira mustausaf, aka aiko cewa ana nemana a lajna. Shekarun nan ne da ake ta rushe gidajen gefen Harami ana faɗaɗa shi, aikin Hajji kuma yana faɗowa cikin tsananin zafi. Na haura talatin a lokacin, ina zaune a unguwar Misfala da matata da 'ya'yanmu, gida ɗaya da surukata. A Sudan aka haife ni, inda iyayena Kanawa suka tsaya noman auduga kafin su ƙetare teku, saboda haka na tashi da Hausa da Larabci a baki, kuma da su nake cin abinci.

Lajna ita ce abin da a gida ake ce wa kwamiti. Aikin wannan da ta neme ni shi ne ta zauna ta tantance magunguna: wanda kowa zai iya saya a kanti, wanda sai da takardar likita, da wanda aka hana gaba ɗaya. Kafin in shiga ɗakin nan ina ganin girman aikin. Na ɗauka mutanen da ke yanke irin wannan hukunci sun san abin da sauranmu ba mu sani ba.

Wani hatsari ne ya jawo zaman. Wani maƙwabcinmu direban motar kaya, Bahaushe haifaffen Makka, ya kife da mota a hanyar Jidda yana ɗauke da kayan alhazai. Allah ya kiyaye babu wanda ya mutu, amma shi ya karye a cinya. Da askarawa, wato 'yan sandan can, suka laluba aljihunsa sai suka tarar da goro da wasu ƙananan fararen ƙwayoyi a ƙunshe cikin takarda. Duk wanda ya san direbobi a lokacin aikin Hajji ya san ƙwayar nan. Suna sha don kada su yi barci, su yi ta kai da komo tsakanin Jidda da Makka kwana da kwanaki ido a bushe, kuma a saidaliyyar da ke kusa da tashar mota suke saya, wato kantin magani, ba tare da takardar kowa ba. Amma askar ɗin da ya fara isa wurin ya ga bakin direban ja wur, ya zaci jini ne, da aka ce masa wani abu ne baƙaƙen fata ke taunawa sai hankalinsa ya koma can. Rahotonsa ya ambaci ƙwayar a taƙaice, ya yi dogon bayani a kan goro.

A saman wani tsohon bene lajnar ke zama, ɗaki mai fanka ɗaya da dogon tebur da aka lulluɓe da koren ƙyalle. Shugabanta, wanda suke kira Ra'is, daga ofishin ruwa aka ɗauko shi, kuma kowa ya san ɗan'uwan matarsa ne ya sama masa kujerar. Akwai wani matashin likita da bai daɗe da dawowa daga karatu a waje ba, wanda babban burinsa a duniya shi ne a mayar da shi Jidda. Akwai wani dattijon shehi mai yawan gyangyaɗi, da wani hafsan askarawa da ba ya cewa komai sai kallo. Na ƙarshensu kuwa, mai zama a madadin masu sayar da magani, shi ne mai saidaliyyar nan ta bakin tasha. Da na gan shi zaune ya miƙe ƙafa yana jan carbi na duba fuskokin sauran ko wani zai nuna akwai abin mamaki a ciki. Babu wanda ya nuna.

A faranti ɗaya aka ajiye goron da ƙwayar a tsakiyar tebur. Da ƙwayar aka fara. Mai saidaliyya ya zaro kwalbarta daga aljihu ya miƙa wa Ra'is, kwalba mai ruwan ƙasa, da rubutun Turawa a jiki da hatimin masana'anta a baki. Ra'is ya jujjuya ta a hannu, ya kai ta kusa da ido ya nisanta, alhali ba ya karanta ko harafi ɗaya na boko, sannan ya gyaɗa kai. Likita ya yi gyaran murya ya ce ya ji a wasu ƙasashe an fara taƙaita sayar da irinta. Mai saidaliyya ya amsa masa a hankali, da murmushi, cewa ai kowane magani idan aka wuce ƙima yana cutarwa, wannan kuwa maganin gajiya ne da manyan kamfanoni suka gwada kafin su sa hatiminsu. Ra'is ya ce to a rubuta wa masana'antar a tambaye ta ko maganinta na da illa, a jira amsa. Shayin da aka zuba mana bai huce ba aka gama da ƙwaya.

Goro kuwa ba shi da kwalba, ba shi da rubutu, ba shi da masana'antar da za a rubuta wa. Shi ya ci mana sauran bazarar.

Shehi ne ya farka ya yi tambayar da ta dace, ya ce shin abin nan yana bugarwa ko ba ya bugarwa, don shi a wurinsa nan maganar ta tsaya. Babu wanda ya taɓa ɗanɗanawa a cikinsu, babu kuma mai niyyar farawa. Sai Ra'is ya kira dattijon da ke kawo mana shayi, ya ce ya ɓara ɗaya ya ci a gabansu. Bawan Allah ya tauna, ya yamutsa fuska saboda ɗaci, ya haɗiye da ƙyar. Aka sa shi ya zauna a kujera, abin da bai taɓa yi ba a ɗakin nan, manya biyar suka zuba masa ido. Likita ya kama hannunsa yana duban agogo. Da aka tambaye shi yadda yake ji ya ce babu komai. Aka dakata, aka sake tambaya. A karo na uku, da ya ga ba za a bar shi ba sai ya ji wani abu, ya ce kamar kansa ya ɗan yi sauƙi, kuma in da hali yana so ya tafi gida ya kwanta. Aka sallame shi tun kafin azahar, aka rubuta cewa an gwada a kan mutum kuma ya nuna alama. Washegari na same shi a ƙasan bene yana wanke kofuna, ya tambaye ni ko yau ma za a yi gwajin.

A wannan zaman ne na yi magana sau ɗaya da bakina. Na ce wa Ra'is ni da ke tsaye a gabansu na ci goro da safe, ina ci kullum tun ina saurayi, ga ni kuma ina juya musu magana daga wannan harshe zuwa wancan ba tare da na yi tuntuɓe ba. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kai tafinta ne, ba shaida ba." Hafsan askarawa ya juyo ya tsura wa aljihuna ido. 

Likita ya ba da shawara a aika da goron waje a gwada shi a ɗakin gwaji, aka yarda. Goro sai da ɗanyen ganye ake ajiye shi, ana yayyafa masa ruwa, amma su a ambulan suka zuba shi suka liƙe. Allah kaɗai ya san abin da ya isa can, ina jin tsakuwa ce. Duk da haka amsa ta zo bayan an daɗe, kuma amsar gaskiya ce: abin da ke cikinsa mai wartsake mutum shi ne dai wanda ke cikin gahawa da shayi. Likita yana karantawa, kowannensu na riƙe da ɗan kofin gahawa. Shehi ya yi 'yar dariya ya ce ai ita ma gahawar an taɓa yin gardama a kanta a garin nan a zamanin da, aka gaji aka bari. Na ɗauka magana ta ƙare ke nan. Sai Ra'is ya ajiye kofinsa ya ce alhamdu lillahi, yanzu an tabbatar a kimiyance cewa akwai sinadari a cikinsa. Kalmar sinadari ta yi masa daɗi a baki, ya yi ta maimaita ta har aka tashi.

Direban da duk wannan ya taso a kansa yana kwance a asibiti an rataye ƙafarsa, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba daga inda muke zama, amma babu wanda ya ce a je a tambaye shi. Ni na je dubiya, a matsayin maƙwabci. Ya gaya mini da bakinsa cewa ya yi kwanaki bai runtsa ba, yana haɗiyar ƙwayar nan duk sanda ido ya fara nauyi, har ya ga titi ya rabu biyu a gabansa ya bi wanda babu. Goron ma, in ji shi, don ya kashe ɗacin ƙwayar yake taunawa. Na tare likita a matakala na faɗa masa. Ya saurara sosai, ya ce ya sani, tun farko ya sani, kuma zai tayar da maganar a zama na gaba. A zama na gaba ya zauna yana zana layuka a gefen takardarsa. Daga baya na ji mai saidaliyya yana da wani aboki a ofishin da ke rarraba likitoci.

Sai aka ce a nemo wani babba daga cikin masu sana'ar ya zo ya ba da shaida, kuma a nan ne ainihin aikina ya zo. Wanda aka nemo kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, babban dillalin goro a Misfala. Huhunan goronsa ta jirgin ruwa suke zuwa daga Ikko, kuma yawancin matan da ke kasa goro a ƙofar gida a wurinsa suke sara, har da surukata, wadda ta shekara da shekaru tana ciniki da shi. Sauran kuma suna saye a hannun alhazan da ke shigowa ta Sudan da ɗan abin da suka ƙunso a kaya, da sauƙin kuɗi, kuma wannan ya daɗe yana ci masa rai.

Ana gobe zai bayyana ya zo gidana bayan la'asar. Ya gaisa da surukata ta bayan labule, ya ce mata ta kwantar da hankalinta, yana nan tsaye a kan maganar. Da na raka shi waje ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, gobe abin da na faɗa shi za ka faɗa. Kada ka rage, kada ka ƙara." Na ce to, Kawu. Na ɗauka tsoro yake kada in sassauta masa zafin magana.

Ya shigo ɗakin da babbar riga da hula zanna, shi da kullum yake cikin farar jallabiya kamar kowa. Mutumin da ya fi ni iya Larabcin kasuwa, wanda na sha ganin yana zagin 'yan dako a tashar Jidda har su rasa amsa, ya tsaya yana kallon Ra'is da buɗaɗɗen baki kamar jiya ya sauko daga jirgi. Yana jin tambaya tun daga bakin mai yin ta, amma sai ya jira in fassara, ya samu lokacin shirya amsa.

Ya ce goro iri biyu ne. Akwai na kirki, wanda ake zaɓa a tsanake a ɗaure da ganye mai kyau a kawo ta hanyar da hukuma ta sani, wannan ba ya yin komai sai ƙarin kuzari. Akwai kuma wanda ke shigowa a ɓoye cikin tsummokaran alhazai, ya sha rana ya sha gumi, sankara ta shige shi, wato tsutsar da ke cin goro, kuma wannan shi ke juya kai. Ya ce matan da ke sayarwa a lungu ba su san bambanci ba, wasunsu ma jiƙa shi suke yi a wasu abubuwa don mai saye ya dawo. Ya ce shi ba ya ba da shawarar a hana, don mutanensa za su wahala, amma a ƙayyade: kada kowa ya shigo da shi ko ya sayar sai da ruhusa, wato takardar izini, a ba wa mutum ɗaya sananne amintacce wanda hukuma za ta iya kamawa in an samu matsala. Bai faɗi sunan mutumin ba. Ya dai gyara wuyan rigarsa.

Na fassara duka, yadda ya ce. Ina faɗar maganar jiƙa goro da Larabci ina tuna surukata durƙushe da safe tana juya nata ɗaya bayan ɗaya tana cire wanda ya fara taɓuwa. Kawu bai dube ni ba ko sau ɗaya. Ra'is ya ji daɗi ƙwarai, don an ba shi abin da yake nema tun farko, wato hanyar da zai ce ya yi wani abu ba tare da ya fahimci komai ba. Shehi ya sake tambaya ko yana bugarwa, Kawu ya ce na banzan yana yi, na kirkin ba ya yi, shehi ya ce to shi bai ga bugarwa ba a nan, amma al'amarin lafiya na likitoci ne, ya koma gyangyaɗinsa.

Ranar yanke hukunci aka ce Kawu ya jira a baranda. Ra'is ya karanto abin da ya shirya: tunda an tabbatar akwai sinadari, kuma an gwada a kan mutum, kuma babban masanin abin ya shaida cewa wani irinsa na juya kai, goro ya shiga sahun magunguna masu motsa jiki, ba a sayar da shi sai da izini. Ana shirin sa hannu sai mai saidaliyya, wanda bai ce uffan ba a kan goro tun da aka fara, ya ɗaga yatsa. Ya ce yana da 'yar tunatarwa kawai. Tunda lajna mai daraja ta kira abin nan magani, ƙa'ida ta riga ta faɗi inda ake sayar da magani, kuma ba a ba da ruhusar magani ga wanda ba shi da saidaliyya. Ra'is ya ce haka ne, ya ma manta. Aka ƙara layi ɗaya. Likita ya sa hannu bai ɗaga kai ba. Game da ƙwaya kuwa, aka rubuta cewa ana jiran amsar masana'anta.

Ni aka tura in sanar da Kawu. Na same shi ya harɗe a kan benci yana fifita da gefen riga, ya taso da fara'a. Na gaya masa yadda aka yi, ban rage ba. Ya ture ni ya banka ƙofar ɗakin, ya shiga zazzaga musu Larabci tiryan-tiryan, irin na tashar Jidda. Ra'is ya saki baki. Hafsan askarawa, wanda ban taɓa jin muryarsa ba sai ranar, ya tambaye shi a ina ya koyi Larabci tsakanin makon jiya da yau, ya kuma ce in bai fita ba zai kwana a wurinsu. Kawu ya fita.

Ba a jima ba askarawa suka fara zagaya Misfala da Jarwal suna kwashe farantan mata. Na surukata ma an ɗauka, tana zaune a bakin ƙofa, wani yaron askar da bai kai ɗanta ba ya juye goron a buhu ya jefar mata da farantin. Ba ta yi kuka ba. Ta shigo gida ta tambaye ni abin da aka faɗa a lajna, da wanda ya faɗa. Na yi ta kewaye-kewaye saboda kunya, ita kuma ba ta saba doguwar magana da ni ba, amma ranar ta zauna ta ce in gaya mata tun daga farko. Da na kai kan maganar jiƙawa sai ta ce, "Da me ya ce muna jiƙawa?" Na ce bai faɗa ba. Ta ce, "Ai da ya faɗa, da mun koya." Ta tashi ta shiga ɗaki. Daga wannan mako ta koma dama koko da suyar ƙosai da safe, sana'ar da ta bari tun tana da ƙarfi, hayaƙi yana cin idonta.

A saidaliyyar bakin tasha kuwa goro ya hau kanta a cikin babbar kwalbar gilashi, da 'yar takarda a jiki. Mai kantin bai san ana yayyafa masa ruwa ba, bai kuma tambaya ba. Ina wucewa ina leƙawa, ina ganin yana yamushewa yana baƙi har ya koma kamar busasshen dabino. Ban san Bahaushe ɗaya da ya taɓa saye a can ba. Wa zai je gaban mai farar riga ya nemi goron ɗaurin aure kamar mai neman maganin tari? Kusa da kwalbar, a kan kanta ɗaya, ƙwayar direbobi na nan ana ta ciniki.

Mutane ba su daina cin goro ba ko na yini ɗaya. Ba a ɗaura aure ko raɗa suna babu shi, saboda haka ya koma bayan ƙofa. Mata suna ɗauke da shi a ƙarƙashin abaya daga gida zuwa gida, alhazan da ke zuwa ta Sudan suka ƙara yawan abin da suke ƙunsowa tunda yanzu ya yi tsada, wato dai ainihin hanyar da Kawu ya so ya toshe ita ce ta buɗe. Cikin askarawan ma akwai jikokin Hausawa, kuma sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa in sun tuɓe kaki. Dattawan da suka saba ɓara ɗaya su raba a bakin masallaci suka koma waige-waige kafin su sa hannu a aljihu, mutanen da ba su taɓa ɓoye komai ba a rayuwarsu.

Kayan Kawu da ke kan teku sanda aka yanke hukuncin suka iso Jidda aka riƙe su a tasha, tunda ba shi da ruhusa. Mai saidaliyya ya aika masa cewa zai iya karɓa, a farashin da shi zai faɗa. Kawu ya yi zuciya ya ƙi, huhunan suka zauna a rana har suka fara wari aka zubar. Sai ga shi a gidana, ya rame, yana cewa in raka shi a ɗaukaka ƙara, tunda na san mutanen. Surukata ta ji muryarsa ta ƙi amsa sallama. Na raka shi don darajar mahaifiyata.

Muka hau benen muka tarar da ɗakin cike da naɗaɗɗun dardumai. Wani magatakarda a ƙasa ya ce lajna ta kammala aikinta an rushe ta, Ra'is ya samu ƙarin girma ya koma wani ofishi, likita yana Jidda. Kawu ya tambaya wa zai iya warware hukuncin. Magatakarda ya ce sai lajnar da ta yanke shi. Kawu ya ce ai ka ce babu ita. Ya ce haka ne, sai dai a kafa wata, kuma ba a kafawa sai wani abu ya faru. Na tambaye shi ko masana'antar nan ta taɓa aiko da amsa. Ya ce wace masana'anta?

Kawu ya bar goro ya koma sayar da carbi da dardumar salla ga alhazai, kuma ya samu, don irinsa ba ya faɗuwa ƙasa warwas. Abin da ban zata ba shi ne labarin da ya fara bayarwa. A shagonsa, a wurin ɗaurin aure, duk inda aka taru, sai ya kawo yadda shi kaɗai ya shiga gaban manyan hukuma ya kare goro, ya daka musu tsawa da harshensu har suka yi barazanar ɗaure shi, ya kuma yi asarar dukiyarsa saboda mutanensa. Rabin labarin gaskiya ne, an ji tsawar har ƙasan bene, kuma kowa ya ga asarar. Waɗanda suka san sauran rabin ni ne da surukata, ita kuma ta ce ba za ta ɓata bakinta a kansa ba. A hankali har matan da aka kwashe wa faranti suka fara yi masa addu'a.

Ya rasu bayan wasu shekaru, aka yi masa salla a Harami, jama'a ta cika gidansa. A zaman makoki wani dattijo ya gane ni, ya ce ai ga wanda yake wurin, in ba su labarin yadda marigayi ya tsaya. Mutane suka juyo. 'Ya'yansa na zaune a gabana, mahaifiyata na cikin gida tana kukan ƙanenta. Na ce ni tafinta ne ranar, kuma duk abin da ya faɗa na isar da shi ga lajna, ban rage komai ba. Dattijon ya ce Allah ya saka masa, jama'a suka ce amin. Na zauna har aka shafa fatiha, sannan na nemi takalmina a cikin tarin da ke bakin ƙofa na koma mustausaf, don akwai wata tsohuwa daga Zinder da ke jirana in gaya wa sabon likita inda ke mata ciwo.